Igiyoyin Ado da Iskar da Ba Ta Hana Tafiya: Jiragen Ruwa a Wasannin Intanet

Hanya mafi sauri ta auna gaskiyar jirgin ruwa a wasan intanet, irin wasannin da mutum ke zama matuƙi ko ɗan fashin teku cikin dubban 'yan wasa, ita ce a juya goshin jirgin ya fuskanci inda iska ke fitowa, a saki ƙyallayensa duka, a zuba ido. Jirgin gaske zai tsaya cak, ƙyallayen su manne da jigo, wato dogon itacen da ke tsaye yana ɗauke da su, can kuma ya fara ja da baya. A yawancin wasanni kuwa gudunsa ne kawai zai ragu, amma yana nan yana tafiya gaba. Daga nan an san cewa igiyoyin da suka cika fuskar kwamfutar, komai kyansu, ado ne.

Masu zane sun ƙware wajen kamanni. Za ka ga kwalta a jikin igiya, ka ga ɗinkin ƙyalle, ka ji kukan katako. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Kowace igiya a jirgin da aka yi kafin zuwan inji tana nan ne domin iska ba ta biyayya, kuma wasan da ya sa iska ta zama mai biyayya ya raba igiyoyin da dalilin wanzuwarsu.

Matuƙan Turai sun raba da'irar kamfas gida 32, kowane gida digiri 11.25. Babban jirgi mai ƙyallaye masu kusurwa huɗu, irin jiragen yaƙin Ingila da Faransa na ƙarni na 18, ba ya iya matsowa kusa da iska fiye da gida 6, wato digiri 67.5 daga inda take busowa. Ƙaramin jirgi mai ƙyallen da ke bin tsawon jikinsa daga goshi zuwa ƙeya yana iya kaiwa gida 4, digiri 45. Duk abin da ke tsakanin waɗannan kusurwoyi da bakin iska haramtacciyar hanya ce. Lissafin kuma ba ya da tausayi. Idan tashar da ake nufi tana kilomita 10 a bakin iska, ƙaramin jirgin zai yi tafiyar kusan kilomita 14 yana lanƙwasa hagu da dama, babban kuwa sai ya ci kilomita 26. Ga kuma zamewa: iska ba gaba kaɗai take tura jirgi ba, tana kuma tura shi gefe. Idan zamewar ta mayar da kusurwar digiri 75, tafiyar ta koma kusan kilomita 39. In aka haɗa da igiyar ruwa mai ja baya, jirgi na iya wuni yana kai da kawowa, da magariba a duba a ga bai ƙaru da komai ba.

Abin da ke hana babban jirgin matsowa yana cikin igiyoyinsa. Ƙyallen yana rataye ne a jikin wata doguwar sanda da aka gicciya a kan jigo, ana juya sandar da igiyoyi biyu da aka ɗaura a bakunanta. Amma jigon kansa yana tsaye ne da taimakon wasu kaurara igiyoyi da suka sauko daga samansa zuwa gefen jirgi, waɗanda matuƙa ke takawa kamar tsani. Idan aka ci gaba da juya sandar, sai ta je ta tokare da su, ba ta da sauran wurin zuwa. A wasanni da yawa, idan ka matso da kyamara, za ka ga sandar ta ratsa ta cikin waɗannan igiyoyi kamar ba su nan. An zana abin da ke kafa iyaka, an bar iyakar.

Igiyoyin jirgi iri biyu ne. Akwai na tsaye, masu riƙe jigo, waɗanda ake shafe su da kwalta domin kada ruwa ya ruɓar da su, shi ya sa suke baƙaƙe. Akwai na aiki, masu gudu a cikin kura, waɗanda ake ja ana saki, su kuma ba a cika musu kwalta domin kada su sandare. Mai zanen da ya yi wa igiyoyin jirgi launi ɗaya ya nuna bai san aikinsu ba. Jirgin yaƙin Ingila HMS Victory, wanda aka sauke a ruwa a Chatham a 1765, yana da igiyar da tsawonta ya kai kusan kilomita 42, da kura 768, kuma yana iya ɗaukar ƙyallaye 37. Kurar nan aikinta ɗaya da ta bakin rijiya, sai dai ana jera biyu ko uku igiya ta zagaya su, ta yadda mutum goma za su ɗaga abin da zai gagari talatin, amma sai sun ja igiya mai ninkin tsawo. A yaƙin Trafalgar na 1805 mutum sama da 800 ne a cikinsa. Igiyoyin kuma na zaren tsiro ne, suna miƙewa da amfani, suna ƙanƙancewa idan sun jiƙe, don haka kullum ana cikin ɗaure na tsaye ana ƙara musu tsauri. In aka yi sake suka yi sako-sako, jigo zai riƙa girgiza da kowace igiyar ruwa har ya tsage.

A wasan Sea of Thieves, wanda kamfanin Rare ya fitar a 2018, mafi girman jirgi mutum huɗu ke tuƙa shi. Kowane jigo yana da wurin ɗaga ƙyalle ko sauke shi, da wurin juya shi. An tattara aikin ɗaruruwan mutane an mayar da shi igiya biyu. Duk da haka wasan ya kama wani abu na gaskiya da wasu masu kurin daidaito suka rasa: aikin jirgi aikin gayya ne. Mai riƙe sitiyari ba ya ganin gabansa idan an sauke ƙyallaye, dole wani ya hau goshi ko saman jigo ya riƙa faɗa masa. Idan harsashi ya huda jiki, ɗaya na toshe ramin da katako, ɗaya na kwarfe ruwa da bokiti, ƙyalle kuma ba mai kula da shi. Wannan rashin isassun hannuwa shi ne ainihin damuwar kowane kyaftin na wancan zamani. Ko a jiragen yaƙi, mutanen da ke ciki ba su isa su cika igwogin gefe biyu a lokaci ɗaya ba.

Wasan ya kuma yi daidai wajen barin babban jirgi ya fi ƙarami gudu idan iska na bayansa, ƙaramin kuma ya tsere masa idan aka fuskanci iska. Mutane da yawa suna ɗauka ƙarami ne kullum mai sauri, alhali tsawon jiki a layin ruwa ne ke ƙayyade iyakar gudun jirgin da ke ture ruwa da ƙirjinsa. Mai tsawon mita 9 zai tsaya wajen kilomita 13 zuwa 14 a awa, mai mita 30 zai iya kusantar 25 idan iska ta isa. Inda wasan ya kauce shi ne, ko babban jirgin yana ratsa bakin iska kai tsaye, a hankali dai amma yana tafiya.

Juya jirgi daga wannan gefen iska zuwa wancan shi ne wurin da ƙwarewar matuƙa ke fitowa fili, kuma nan ne wasanni suka fi yin sakaci. Hanya biyu ce. Ta farko juyin goshi, wato a ratsa da goshin jirgin ta cikin bakin iska. Ana fara ɗan kauce wa iskar domin jirgi ya tara gudu. Sai a karkata akala, wato allon da ke cikin ruwa a ƙeyar jirgi mai juya shi, a hankali, ba da fizga ba, domin allon akala idan ya gicciye da yawa birki yake zama. A saki igiyoyin ƙyallayen goshi su daina riƙe kan jirgin, a ja ƙyallen ƙeya zuwa tsakiya ya tura bayan jirgin gefe. Idan goshi ya kusa fuskantar iska sosai, a ba da umarni a juya sandunan jigon tsakiya da na baya gaba ɗaya zuwa sabon gefe. Na jigon gaba kuwa a bar su yadda suke da gangan, domin iska ta buge su ta fuska ta ture goshin ya ƙarasa zagayowa. A wannan lokaci jirgin kan tsaya, har ya fara ja da baya, kuma da zarar ya fara ja da baya dole a juya akala zuwa ɗaya gefen, tunda aikinta ya koma a birkice. Sai ƙyallayen tsakiya sun cika da iska a sabon gefe sannan a juya na gaba.

Kuskuren daƙiƙoƙi kaɗan ya isa ya ɓata komai. In aka juya na tsakiya da wuri, iska ta danne su ta kashe gudun. In igiyar ruwa ta bugi goshi a daidai lokacin, sai jirgin ya koma inda ya fito, ko ya maƙale yana fuskantar iska, ba gaba ba juyi. Idan akwai duwatsu a bayan iska, wannan maƙalewar ita ce ajalin jirgi. Shi ya sa a lokacin guguwa, ko idan mutane sun yi kaɗan, ake zaɓar juyin ƙeya: a ba iska baya, a zagayo ta doguwar hanya. Ba ya maƙalewa, amma yana cinye tazarar da aka sha wahala aka samu.

Naval Action, na kamfanin Game-Labs, wanda aka buɗe wa jama'a tun 2016, shi ne ya fi kusantar wannan a cikin wasannin masu yawan jama'a. Ɗan wasa yana iya karɓe juya sandunan gaba da na baya daban-daban da hannunsa. Yana iya maƙalewa a bakin iska, yana iya sa jirgi ya ja da baya da gangan, yana iya danne ƙyallen gaba ya rage gudu domin abokin gaba ya wuce shi, shi kuma ya samu ƙeyar abokin gaban. Kowane jirgi yana da kusurwar da ya fi gudu a kanta, irin katakon da aka gina shi da shi yana shafar nauyinsa da taurinsa, harsashi kuma yana iya zamewa idan ya bugi jiki a karkace. A nan matsayin jirgi game da iska yana da daraja irin ta tarihi: wanda ke saman iska, wato ta gefen da take fitowa, shi ke zaɓar lokacin da za a gwabza, na ƙasa shi ke da hanyar gudu. Ko a nan ɗin, juyin da zai ci mintuna da dama a teku an matse shi ƙwarai, kuma ba wanda ke hawa sama ya naɗe ƙyalle.

Naɗe ƙyalle kuwa babban gibi ne a kusan dukkansu. Ƙarfin da iska ke yi a kan ƙyalle yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Saboda haka jirgi ba ya tafiya da dukkan ƙyallayensa sai a iska mai sauƙi. Tana ƙaruwa ana sauke na can sama, sannan a rage faɗin na tsakiya: mutane su hau, su bazu a kan sanda suna tsaye a kan igiya ɗaya da ke ƙarƙashinta, su tattaro ƙyallen da hannu su ɗaure shi da gajerun igiyoyin da aka ɗinka a jere a jikinsa. Kyaftin ɗin da ya yi jinkiri zai rasa ƙyalle, ko saman jigo, ko jirgin duka. A wasa kuwa cikakken ƙyalle yana nufin cikakken gudu, ko da sama ta yi baƙi ƙirin.

Iska mai ƙarfi tana kuma kwantar da jirgi gefe, kuma tagogin igwa na benen ƙasa suna kusa da ruwa. Jirgin Sweden mai suna Vasa, mai igwa 64, ya nutse a tashar Stockholm ranar 10 ga Agusta 1628 bayan tafiyar kusan mita 1,300 kacal. Nauyinsa ya taru a sama, duwatsun da ke cikinsa na daidaita shi ba su isa ba, tagogin ƙasa kuma a buɗe suke; iska ta ɗan taso, ya kwanta, ruwa ya shiga. A wasannin da ake loda wa jirgi igwa da kaya gwargwadon kuɗin mutum, da wuya ka ga an tambayi inda aka ajiye nauyin. Adadinsa kawai ake ƙirgawa.

Vasa, da aka tsamo a 1961 yake kuma ajiye a gidan tarihi, yana tona wani kuskuren. Ba shi da sitiyari. Da wata doguwar sanda a tsaye ake karkata akalarsa, domin sitiyarin jirgi bai bayyana ba sai farkon shekarun 1700. Saboda haka jirgin galiyon irin na Sifaniya na ƙarni na 16 da ke ɗauke da ƙaton sitiyari a bayansa haɗin gambiza ne na zamani biyu. Haka ƙyallayen goshi masu kusurwa uku, su ma ba su hau manyan jirage ba sai bayan ƙarni na 16. Wannan bai kai batun iska nauyi ba, amma abin takaici ne, domin gyaransa ba ya cin komai. Pirates of the Burning Sea, wanda ya fito a 2008 aka kuma kafa labarinsa a tekun Karibiyan na 1720, ya ba 'yan wasa damar zana jirage su miƙa a tantance kafin a shigar da su, kuma masu sha'awar tarihi sun yi aiki mai kyau a wannan fanni.

Batun anka ma haka. A Sea of Thieves ana sakin anka, wato ƙaton ƙugiyar ƙarfe da ake jefawa ƙasan teku ta tsayar da jirgi, yana cikin gudu domin ya yi juyin bazata, sannan a ɗaga ta cikin daƙiƙoƙi. Dabarar tana da asali: matuƙan da suka ga za su faɗa kan duwatsu sukan jefa anka ta fizgo goshin jirgi ta cikin iska. Amma da zarar ya juyo, da gatari ake datse igiyar, a bar ankar a ƙasan teku. Babbar ankar Victory ta haura tan 4, igiyarta ta yi kaurin da ba za ta naɗu a jikin injin murɗawa ba, sai an ɗaura ta da wata siririyar igiya mai zagayawa, yara na bi suna ɗaurewa suna kwancewa. Aikin awanni ne.

A fagen yaƙi, wasanni sun koya wa mutane cewa jirgi yana da ma'aunin lafiya, idan ya ƙare sai ya nutse. Jiragen katako ba su cika nutsewa da harsashin igwa ba. Yawancin ramuka suna saman layin ruwa, kafintoci na toshe na ƙasa, famfo na aiki. Abin da ke kashe mutane shi ne tsagin katako da ke tarwatsewa a ciki. A Trafalgar jiragen Ingila 27 suka kara da 33 na Faransa da Sifaniya, cikin iska mai rauni har jiragen na matsowa da saurin mai tafiya a ƙasa. Ingila ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren jirgi ɗaya, Achille, shi ne ya kama wuta ya fashe. Sauran da aka rasa miƙa wuya suka yi, kuma guguwar da ta biyo baya ce ta hallaka da yawansu. Kowace igwa a benen ƙasa na Victory tana harba dunƙulen ƙarfe mai kusan kilo 14 da rabi, ita kanta ta kusa tan 3. Bayan kowane harbi sai an goge cikinta da jiƙaƙƙen soso domin kashe tartsatsi, in ba haka ba sabon albarushin zai tashi a hannun mai ɗurawa. Sannan albarushi, toshi, harsashi, wani toshin, a danna, a ja ta da igiya zuwa taga, a jira jirgi ya karkata daidai.

Karyewar jigo ta fi ramin jiki muni. Jigo ba gungume ɗaya ba ne, hawa uku ne aka ɗora, kuma kowane hawa yana jingine da igiyoyin da suka tafi gaba zuwa jigon da ke gabansa ko zuwa sandar da ta fito daga goshi. In aka karya sandar goshin, jigon gaba ya rasa mai riƙe shi, in ya faɗi ya jawo saman na tsakiya. Abin da ya faɗi kuma ba ya ɓacewa. Yana rataye a gefe cikin ruwa, ɗaure da igiyoyi, yana jan jirgi yana juya shi, ƙyallensa ya rufe bakin igwogi inda wutar harbi za ta iya kama shi, har sai an bi da gatura an sare. Victory kansa janye shi aka yi zuwa Jibralta bayan yaƙin. A Sea of Thieves mutum ɗaya ne ke jan igiya ya tayar da jigon da ya faɗi, ya buga masa katako.

Akwai dalilai na gaske da suka sa masu wasanni ke yin haka, kuma ba duka ne lalaci ba. Na farko lokaci. Kolumbus ya bar tsibiran Kanari ranar 6 ga Satumba 1492, bai ga ƙasa ba sai 12 ga Oktoba. Ba mai zama gaban kwamfuta mako biyar, dole a matse teku. Na biyu na'ura. A wasan intanet babbar kwamfutar kamfani ce ke yanke hukuncin inda kowane jirgi yake, kuma dole kowane ɗan wasa ya ga igiyar ruwa iri ɗaya a wuri ɗaya, in ba haka ba harsashin da wannan ya ga ya samu, wancan zai ga ya wuce. Don haka ake lissafa jirgi a matsayin dunƙule ɗaya mai 'yan wuraren da ke taɓa ruwa, motsin ƙyalle da lilon igiya kuma a bar wa kwamfutar ɗan wasa ta zana su don ido kawai. Bin diddigin ɗaruruwan igiyoyi a jirage hamsin lokaci guda ba abin da za a nema ba ne.

Amma haramtacciyar kusurwar iska ba ta buƙatar wannan duka. Lissafi ne ƙarami, kuma Valheim, na kamfanin Iron Gate da ya fito a 2021, ya nuna haka. Jirginsa ƙyalle ɗaya ne a jigo ɗaya, zanensa ba shi da wani ƙyale-ƙyale, amma akwai da'irar da ke nuna iska, kuma idan goshi ya shiga ɓangaren da ke bakinta ƙyallen ba ya ja. Ko ka lanƙwasa hagu da dama, ko ka naɗe ka koma tuƙi da hannu. Wannan ƙa'ida guda ta sa 'yan wasa suna duba iska kafin su bar gaɓa, suna canza shiri saboda ita. A ganina jirgin Valheim ya fi na Skull and Bones gaskiya, duk da cewa na biyun, wanda Ubisoft ya fitar a Fabrairun 2024, ya fi shi kyan gani nesa ba kusa ba. A can jirgi yana da ma'aunin gajiyar matuƙa da ke aiki kamar totur, yana ɗaukar makaman roka da masu feshin wuta, kuma iska ba ta hana shi zuwa ko'ina.

Abin ya fi ciwo domin an kafa Skull and Bones ne a tekun Indiya, inda iska ta yi shekaru aru-aru tana tsara rayuwar mutane. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen Oman da Indiya zuwa Mombasa da Zanzibar. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba ta juya daga kudu maso yamma ta mayar da su. Ɗan kasuwar da ya makara sai ya zauna watanni yana jira. Jiragen yankin, dangin waɗanda suka riƙa tsallakar da alhazan Afirka ta Yamma daga Sawakin zuwa Jidda, suna da ƙyalle mai kusurwa uku a jikin doguwar sanda karkatacciya, wadda tsawonta kan kusanci na jirgin kansa. Yana kama iskar gefe da kyau, amma sauya masa gefe aiki ne ja: sai an sassauta igiyoyi, an miƙar da sandar kusan tsaye, an zagayo da ita ta gaban jigo, shi ya sa matuƙansu suka fi yin juyin ƙeya. Wasan kasuwanci da zai rufe hanyar Zanzibar zuwa Maskat na wani lokaci, ya bar farashin kaya ya tashi a tashar da jirage suka kasa isa, ba ya buƙatar ƙarin igiya ko ɗaya a zanensa.